Ludayin Kaka Borghild

Fiye da shekara goma babu wanda ya ci kifi ko ɗaya daga Tafkin Kaka, kuma ba don babu kifin ba ne. Kifi kam ga shi nan birjik, in ka jefa fatsa kafin tanar ta jiƙe an cafke. Abin da ya shiga tsakaninmu da kaskon suya wani ludayi ne na katako, sai kuma yayana Oddvar da ya naɗa kansa mai gadin ludayin.

Ludayin na kakarmu Borghild ne. Tun tana budurwa ita ke kai shanu kan dutse da bazara, kuma a lokacin tafkin nan ruwa ne zalla, ko na rantsuwa babu kifi a ciki. Da ta gaji da fate da madara safe da yamma, sai ta sauko kogi ta kamfaci 'ya'yan oret, kifin nan namu mai ɗigo-ɗigon ja a jiki, ta zuba su a garwar madara, ta goya. Tafiyar rabin yini ce a hawan dutse, kuma duk ƙoramar da ta tarar sai ta sauke ta sauya musu ruwa. Ba ita ta fara ba, kusan duk tafkin da ke saman duwatsun nan a bayan wani ko wata kifinsa ya hau. Amma ita ce ta bar doka. Ta rataye ludayinta a jikin bukkar da ke bakin ruwa, ta ce duk kifin da bai kai tsawonsa ba a mayar da shi ya girma. Ta kuma ce duk mai hawowa ya ciko aljihu da tsakuwa ya zuba a ƙoramar da ke shiga tafkin, don a cikin tsakuwa kifin ke binne ƙwansa.

Muna yara, kifin da mahaifinmu ke saukowa da shi sai an yanka shi uku kafin ya shiga kasko, ga nama ja kamar karas. Sannu a hankali aka koma yankawa biyu. Daga nan aka koma sawa ɗungurungum. Kafin mu farga, kowa ya hau sai ya sauko hannu rabbana, don duk abin da ya kama ludayi ya fi shi tsawo.

Sai Oddvar ya yi ritaya daga tuƙin motar share ƙanƙara, ya samu lokaci, abin ya ƙara lalacewa. Wasu aljihu suke cikawa da tsakuwa, shi buhu yake saɓawa. Ya gyara ƙoramar nan har ta fi ɗakinsa tsabta. In ya ga baƙo da fatsa sai ya tsaya masa a kai da ludayi a hannu kamar ɗan sanda, a gwada, a mayar. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Yara ne, a bar su su girma.” Kuma duk hawan da zai yi akwai ɗan ƙunshin man shanu a jakarsa, wai na suyar kifin farko da zai zarce ludayi. Man nan ya sha hawa dutse ya sauko.

Ni Gunvor, Allah ya haɗa ni da wannan yaya, ya kuma haɗa ni da miji mai kiwon kifi. Mijina Torgeir ya haƙa kududdufai a bakin titi, yana sayo 'ya'yan kifi daga gidan ƙyanƙyasa, yana ɗura musu abincin buhu har su yi ɓul-ɓul. Mutanen Oslo da Jamusawa su tsaya da mota, su biya, su jefa ƙugiya, kafin kofinsu ya huce sun kama na kai wa gida. Oddvar yana kiran kifin Torgeir aladun ruwa. Torgeir yana kiran na Oddvar tsinken ashana. Tun ranar da aka haƙa kududdufin farko yayana ya rantse ba zai ƙara taka harabar gidanmu ba, kuma ya cika. Sai dai ya tsaya a bayan shinge, in miƙa masa kofi da waina ta sama, ya sha a tsaye yana harare-harare.

Ta saman shingen nan ne, wata bazara da ta wuce da daɗewa, ya miƙo mini butar kofinsa da wani abu yana motsi a ciki. Ɗan kifi ne kamar yatsa, ƙugiyar wani baƙo ta yage masa baki.

“Gunvor, riƙe mini wannan. In na mayar da shi haka ba zai kai labari ba.”

“Yaya, yanzu kuma asibitin kifi na buɗe?”

“Ke dai sa shi a marmaro. Kada ki bari mijinki ya ba shi abincin aladu.”

Akwai marmaro a bayan gidanmu, ya yi ɗan gulbi a ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, nan nake sanyaya madara. Na juye shi ciki. Bakin ya warke a karkace, na sa masa suna Baki-gefe. In na je ɗaukar madara sai in jefa masa tana, ko guntun hanta, ko ƙwarin da na tsinta a kabeji. Oddvar ya manta da shi, don yana da dubbai a kansa. Torgeir kuwa bai taɓa ganinsa ba, saboda da zarar kifin ya ji takun takalmin maza sai ya shige ƙarƙashin dutse. Mijina ya ɗauka ni kaɗai nake surutu a bakin marmaro, har yana ce wa mutane tsufa ya fara taɓa ni.

Ana nan ana nan, sai ranar taron masu haƙƙi a tafkin ta zo. Gidajen kwarinmu kowanne yana da hannu a ciki, kuma Tordis mai kanti ce ke riƙe da kujera. An sha kofi, an tattauna gyaran gada, sai na ga Torgeir ya miƙe yana gyara wuyan riga. Ko a gida bai ce mini uffan ba.

“Jama'a, a daina ɓoye-ɓoye,” in ji shi. “Irin nan na Tafkin Kaka ya mutu. Jinin ya tsinke, wada ne ke haifar wada. Ku ba ni hayar tafkin, in zuba magani in share shi tas, in kawo kifi na gaske, in yi hanyar da tarakta za ta hau. Kowa ya samu rabonsa, kowa ya ci kifi.”

Oddvar ya zabura har kujera ta faɗi. “Kifi na gaske? Aladun nan naka da ke bin mutum in ya girgiza bokiti? Ran nan da idona na ga wani Bajamushe ya kama ɗaya da guntun burodi, kifin har godiya ya yi masa!”

“To naka fa, babban yaya? Ko kyanwa aka miƙa wa sai ta nemi tabarau.”

“Yara ne!”

“Yaran da suka shekara goma ba su ƙara ko taƙi ba? Haba Oddvar. Wasunsu sun isa karɓar fansho tare da kai.”

Zauren ya kaure da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Amma da Tordis ta ce to a ɗaga hannu, sai na ga hannuwa suna tashi ɗaya bayan ɗaya, duk Torgeir suke goya wa baya. Ba mugunta ba ce, mutane sun gaji da hawan rabin yini don su gaisa da kifi su dawo. Na dubi yayana. Ya tsaya riƙe da hularsa. Tsoho ne da ba shi da mata, ba shi da ɗa, abin da Kaka ta goyo a bayanta shi ne iyalinsa, ga shi za a zuba musu guba yana kallo. Tausayinsa ya kama ni. Kalmar nan ta wada kuma ta tsaya mini a rai, don a safiyar nan na ga wadan da ke marmarona ya haɗiye kwaɗo sukutum.

“Tordis,” na ce, “dakata da ƙirga hannu. Ina da mai shaida.”

“Ina yake?”

“Ba zai iya zuwa ba, ba shi da ƙafa. Ku za ku je.”

Torgeir ya dube ni kamar na zuba masa gishiri a kofi. Ban kula shi ba. Na sa taron nan a gaba, manya da gemu, muka gangara gidanmu. Oddvar, don kada rantsuwarsa ta karye, ya zagaya ta bayan shinge ya kutsa ta cikin ciyawa mai ƙaiƙayi, ya iso yana soshe-soshe. Da muka kusa marmaro na ce kowa ya tuɓe takalmi ya ja ciki, wanda ya yi tari kuma ya koma gida. Da kun ga Tordis da rigarta ta zuwa taro tana rarrafe a cikin laima.

Na tono tana, na jefa. Shiru. Torgeir ya fara raɗa cewa ai ya faɗa tun tuni matarsa tana bukatar hutu. Na sake jefa wata. Sai wata inuwa ta zame daga ƙarƙashin dutse, ta yi ta fitowa, ta yi ta fitowa, kamar ba za ta ƙare ba. Bayansa baƙi wuluk, cikinsa ruwan zuma, ɗigon jan nan kowanne kamar an ɗiga da fenti. Ya buɗe karkataccen bakinsa ya zuƙe tanar, ya juya a hankali, wutsiyarsa ta watsa wa Tordis ruwa a fuska.

“Tabɗi!” in ji wani daga baya.

Oddvar ya matso da gwiwar hannu har haɓarsa ta taɓa ruwa. “Bakin nan,” ya ce. “Gunvor, wannan na cikin buta ne?”

“Shi ne, Yaya.”

“Ai ya yi ludayi ɗaya da rabi.”

“Ya kusa biyu. To ga wadanku nan, jama'a. Gani ya kori ji.”

Abin da ya faru bayan nan shi ya sa har yau ban yi nadamar auren Torgeir ba. Mutumin nan yana da son kuɗi, amma in ya ga kifi mai kyau bakinsa ba ya iya ƙarya. Yana kwance rub da ciki, idonsa a kan ruwa, ya manta da taro, ya manta da haya, ya fara magana kamar yana bakin kududdufinsa.

“Kai, dubi kafaɗa! Ai dole ya yi haka, shi kaɗai ne a akushi. Ni ma in na cusa dubu a ramin da ya dace da ɗari, kai kawai suke yi, jiki kamar igiya. Ba jini ba ne, yunwa ce. Baki ya yi yawa, abinci bai ƙaru ba. Waɗancan na sama ba yara ba ne, tsofaffi ne da ba su taɓa ƙoshi...”

Sai ya ji shirun da aka yi. Ya ɗago ya ga kowa shi yake kallo. Ya dafe goshi.

“Ci gaba mana, maigida,” na ce. “Muna ƙaruwa.”

“Ke dai Allah ya shirye ki,” in ji shi.

Aka sake fashewa da dariya, amma ban da Oddvar. Ya tashi zaune a cikin ciyawa, safarsa ta jiƙe, ya daɗe yana kallon hannuwansa. “Wato tsakuwar nan da nake ta kai musu,” ya ce a hankali. “Da mayarwar da nake yi. Wato ni na hana su ƙoshi.”

Na zauna kusa da shi na ce, “Yaya, Kaka ta kafa dokarta don 'yan kifin da suka cika garwa ɗaya. Ba ta san za a samu jika mai biyayya irinka ba, da ta sa wa dokar ranar ƙarewa.”

A bakin marmaron nan aka ƙarasa taro, kowa ba takalmi. Tordis ta yanke hukunci, aka amince. Ludayi yana nan daram, amma an juya dokarsa: wanda bai kai ba ya shiga kasko, wanda ya zarce a mayar da shi ya haifi irinsa. Tsakuwa kuma ko ƙwaya ɗaya kada a sake kaiwa. An ba Oddvar bazara uku. In kafin ƙanƙara ta rufe tafkin a shekara ta uku ba a kama wanda ya zarce ludayi ba, a gaban idon Torgeir, to tafki ya zama na haya, a zuba magani.

Ranar farko na bi shi sama, don na san ba zai iya shi kaɗai ba. Na goya garwar Kaka, wadda ta yi shekaru a rumbunmu tana tara gizo-gizo. Da ya kama na farko ya daɗe da shi a hannu. Sai ya ce masa, “Yafe mini,” ya buga masa ƙotar wuƙa a ka. Na biyu ma ya nemi gafara, da na uku. Kafin azahar gafarar ta ƙare, ya koma cewa, “Kai kuma daga ina? Ku ba ku ƙarewa ne?” Da yamma muka sauko da garwa cike. A cikinta suka hau, a cikinta suka fara sauka.

Daga nan kwarinmu ya shiga uku da cin kifi. A soya, a dafa, a kyafe, a niƙa a yi ƙwallo. Muka jera su a garewani da gishiri muka rufe don rakfisk, ruɓaɓɓen kifin nan da muke ci da Kirsimeti, har warin yakan riga mutum shiga coci. Tordis ta koma ba da gyaran kifi ga duk wanda ya sayi ko ashana ce, mutane suka fara aiken yara don kada a haɗa ido. Kyanwoyin gari da sun hango Oddvar da garwa sai su haye rufi.

A gidanmu kuwa na kafa tawa dokar. Na ce wa Torgeir muddin tafkin nan bai ragu ba, tsinken ashana za a ci safe da rana da dare. Ya daure wata guda. Wata safiya ya dubi farantinsa, ya dubi ƙayoyin jiya a bakin taga, ya tashi ya fito da komarsa mafi ƙananan ido, ya rataya a kan shinge inda Oddvar ke tsayawa.

“Ba don kai na yi ba,” ya ce masa. “Nama nake so in ci kafin in mutu.”

“Wa ya tambaye ka?” in ji Oddvar, ya naɗe komar ya saɓa.

Bazara ta biyu kifin ya fara yin ciki, naman ya fara ɗaukar ja. Ta uku suka yi tsawo har mutane suka koma hawa don marmari, ba don an tilasta su ba. Amma ludayin nan kamar ƙara tsawo yake yi da dare. Wannan ya rage yatsa biyu, wancan ya rage yatsa ɗaya. Ganye ya yi ja ya zube, safiya ta fara yin farin raɓa mai daskarewa, gwiwar Oddvar kuma ta kumbura har sai da sanda yake hawa. Ya rame, ya daina tsokanar kowa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali.

Wata rana ina wanke tukwane Torgeir ya shigo yana kame-kame. “Gunvor, wancan naki na marmaro. In da wani zai goya shi a garwa ya kai sama, ni dai idona ba shi da kyau kwanan nan. Ba lallai in lura da baki ba.”

Na dube shi da kyau. “Kai da kake son haya?”

“Ina so mana. Amma ba na son in ci ta a kan gawar yayanki.”

Na kai wa Oddvar maganar a bakin shinge, ina tsammanin zai ji daɗi. Sai ya dire kofin a kan gungume har ya fantsama. “Ki ce wa mijinki ni ba a yi mini sadakar kifi. In tafkin Kaka bai iya ciyar da ɗansa ba, gara a zuba maganin. Kuma in na ga garwar nan ta motsa daga rumbu, ni da ke mun ɓata.”

Da rediyo ya ce sanyi mai ƙarfi na tafe a ƙarshen mako, muka hau mu uku. Torgeir ya ɗauki jakar Oddvar, Oddvar ya yi kamar bai gani ba. Muka tarar bakin tafkin ya fara yin ɓawon ƙanƙara siriri, in ka taka ya yi ƙaras. Na hura wuta a gaban bukka na ɗora butar kofi. Oddvar ya zauna a kan dutsen da mahaifinmu ke zama, ya yi ta jefawa. Ya kama ɗaya, yatsa ɗaya ya rage. Ya kama wani, bai ma kai wancan ba. Na tara su a gefe, na fara gyarawa.

Rana ta karkata, iska ta juyo daga arewa. Torgeir ya dube ni, na dube shi, babu mai son ya fara cewa a tashi.

Sai gorar fatsarsa ta lanƙwashe.

Ba irin fizgar nan ta yunwa da muka saba ba ce. Wannan ja ne mai nauyi, a natse, zaren ya yanki ruwa ya nufi tsakiya. Oddvar ya miƙe tsaye, ya manta da gwiwa, ya manta da sanda.

“Sassauta masa!” in ji Torgeir. “Kada ka ja, zai tsinke!”

“Rufe mini baki, mai aladu! Ka taɓa kama kifin da ba ya jin sunansa?”

“Ɗaga gorar, tsoho, ɗaga!”

Kafin in ce wani abu, mijina ya faɗa ruwan nan mai ƙanƙara har cinya, da wandonsa da komai, ya tara hannu biyu. Kifin ya zo, ya ga mutum, ya koma. Ya sake zuwa. A karo na uku Torgeir ya tallabo shi ya rungume a ƙirji kamar jariri, ya fito haƙoransa suna kaɗawa.

Oddvar bai nemi ludayi ba tukuna. Ya kama kan kifin ya juyo shi, ya duba bakin ta dama, ya duba ta hagu. Sa'an nan ya ɗago ya zuba mini ido.

“A miƙe yake, Yaya,” na ce. “Nawa yana gida yana cin hanta.”

Na ciro ludayi daga ƙusa. Muka shimfiɗa kifin a kan jiƙaƙƙen gansakuka, na daidaita bakin ludayi da hancinsa. Torgeir ya sa tabarau, ya duƙa, ya daɗe. Wutsiyar ta leƙo bayan ƙotar da kamar faɗin farce.

“Ya zarce,” ya ce. “Na gani da idona. Tafki naka ne, babban yaya. Shi ke nan, na yi asarar haya, na yi asarar wando.”

Oddvar ya yi wata dariya da rabon da in ji irinta tun muna yara. Ya laluba jaka ya fito da ƙunshin man shanun nan, ya miƙo mini. “Ɗora kasko, Gunvor! Yau dai man nan ba zai sauka ba.” Ya zaro wuƙa, ya juya ƙotar, ya ɗaga.

Sai hannun ya tsaya a sama. Ya dubi ludayin, ya dubi kifin da ke buɗe baki yana rufewa. Dukanmu mun tuna da sabuwar dokar a lokaci ɗaya.

“Kai, wannan ludayi,” in ji Oddvar. “Da ya hana ni ƙanana, yanzu ya hana ni manya.”

“Ba wanda zai faɗa,” in ji Torgeir. “Ai na riga na faɗa, idona ba shi da kyau.”

Yayana ya girgiza kai. Ya mayar da wuƙa kube, ya jiƙa hannuwansa, ya ɗauki kifin ya durƙusa a bakin ruwa a kan gwiwar nan mai ciwo. Ya riƙe shi a cikin ruwa yana shafa cikinsa da babban yatsa, cikin da ya cika ya yi tumbi, har kifin ya dawo hayyacinsa ya fara motsa wutsiya.

“Je ka,” ya ce masa. “Kai ne na farko da ya ƙoshi a hannuna.”

Ya buɗe hannu. Kifin ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sa'an nan ya yi ƙasa ya ɓace.

Man shanun dai bai sauka ba. Da shi na soya ƙananan da muka tara, muka ci da gurasa a gindin wuta, Torgeir yana naɗe da bargon bukka, wandonsa yana tururi a kan sanda. Oddvar ya fi kowa ci. Idonsa yana ta zubar da ruwa, ya ce hayaƙi ne, mu kuma muka bar shi a hayaƙi.